Ruwan Ciki

A Belzoni, can ƙasan Misisipi,
inda auduga ke fari iya ganin ido
amma ba ta masu kallonta ba ce,
nan aikin jinya ya kai ni gidan Ozella.
Na je awon jini, na tarar da eka huɗu
da kakanta ya bari, sun koma dajin ƙaya,
ga takardar haraji maƙale a jikin firji,
ƙadangaren bakin tulu.

Sai wata ƙungiya ta ce za ta ba ta kuɗi,
dala ɗari biyar duk wata, shekara da rabi.
Babu buhun shinkafa, babu tikitin kanti,
tsabar kuɗi, kuma ba mai bin sawunsu.
Aka taɓe baki a ƙofar coci:
talabijin za ta saya, ku zuba ido.
Ni ma, tsakani da Allah, shiru kawai na yi.

Watan farko ko ƙwayar iri ba ta saya ba.
Ta biya bashin wuta,
ta cire haƙorin da ya hana ta barci damina biyu,
ta kwanta, ba ta farka ba sai hantsi.
Na ce, ina gonar? Ta yi mini dariya da giɓinta.
Sai muryar kakata ta taso daga Bichi:
da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Wata na biyu, haraji. Na uku, haraji.
Na huɗu, famfon rijiya ya yi tari, ya sake tari,
ya tofo ruwa ja, sannan fari.
Jikanta Lavelle, mai shirin tafiya Memphis neman aiki,
ya ajiye jaka a bakin ƙofa, ya ce sai bayan shuka.
Jakar na nan har yau, kyanwa ke kwana a kai.

Suka shuka kuɓewa, dankali, wake da kankana.
Barewa ta zo da tsakar dare,
ta aske ganyen dankalin ƙwal, kamar wanzami.
Ozella ta kifa bokiti, ta zauna a kai,
ta yi kukan da na kasa ba ta haƙuri.
A da, a nan labari ke ƙarewa,
asara ɗaya, a naɗe tabarma.
Amma ɗaya ga wata ta zo kamar yadda ta saba,
aka sayo waya, aka kafa shinge,
aka sake tona ramukan jiya.

Kaji talatin, yanyawa ta ci bakwai.
Tsohuwar akori-kura ta samu tayoyi biyu,
sauran biyun sai addu'a.
Da a ofis aka tsara mata,
wa zai rubuta haƙori a jerin kayan noma?
Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo.

Ran Asabar suna kasuwar manoma tun asuba,
Lavelle na ƙirga canji, leɓensa na motsi,
matar da ta yi zancen talabijin
na taya ƙwai, tana neman ragi.

Ranar da kuɗin ƙarshe suka shigo
wayar ta yi ƙara a aljihun riga,
ba ta duba ba, hannunta duk laka.
Kada a ce na ce ta yi arziki:
baranda na nan a karkace,
jininta na hawa in zafi ya tsananta,
amma babu takarda a jikin firji
sai lissafin wanda ya ci bashin ƙwai.

Ta cika mini jaka da kuɓewa,
ta ce in soya da garin masara.
Na kai gida, na yanka ƙanana,
na jefa kanwa da daddawar da inna ta aiko,
na dawo mata da kwano, da ɗumi.
Ta ɗaga cokali sama, yauƙi ya bi shi,
ta ƙara ɗagawa, ya ƙi tsinkewa.
Ta ce, ɗiyata, me kika yi wa kuɓewata?
Sannan ta miƙo kwanon, a ƙara.