Wata Tara a Tromsø

Ranar da muka sauka, ƙarfe biyu na rana,
fitilun titi duk a kunne.
Na ce wa Sallau agogon nan ya samu matsala.
Ya ce, a'a Barira, rana ce ta tafi hutu,
sai ƙarshen Janairu za ta leƙo.
Na yi dariya.
Ashe ba wasa yake ba.

Lokacin sallah sai da muka tambayi liman,
wani Basomale mai tuƙa bas da sassafe.
Ya ce ku bi agogon Makka,
Allah ya san inda ya ajiye ku.
Haka na yi ta azahar cikin duhu,
na zo na yi isha'i a watan Yuni
rana na zaune a kan dutse
tana kallona kamar mai bin bashi.

A gidan nan shara ma dangi-dangi ce:
koriyar leda ta ɓawon dankali,
ja ta takarda, shuɗiya ta roba.
Sau ɗaya na haɗa su.
Da safe na tarar da wasiƙa a ƙofa,
rubutu mai tsabta, ba zagi, ba suna,
har da godiya a ƙasa.
Da ma zagina aka yi,
da na san abin da zan ce.

Gaisuwata doguwa ce, kun san ta:
kwana, gajiya, gida, yara, aiki, ya muka ji da sanyi.
Tasu kalma ɗaya ce, guntuwa kamar tari,
kafin in buɗe baki mutum ya sha kwana.
Sauran sai in haɗiye,
ta tokare min ƙirji har dare.

Wata Laraba na bar manja ya yi hayaƙi,
ƙararrawar silin ta kama ihu.
Gunvor, tsohuwar hawa na uku,
wadda wata huɗu ba ta taɓa ce min kanzil ba,
ta hauro cikin safar ulu,
ta ɗaga sandar tsintsiya ta danna abin ya yi tsit.
Sai ta tsaya tana shaƙar iska.
Na zuba mata miyar kuka.
Cokali uku, hawaye shaɓe-shaɓe don yaji,
ta miƙo kwanon a ƙara.
Washegari ga ƙulli a bakin ƙofa:
ƙarafa masu haƙora na ɗaura wa takalmi.
Ta ce faɗuwa a ƙanƙara ba kunya ba ce,
amma ƙugu ɗaya Allah ya ba ki.

Sallau da bai san inda ludayi ke kwana ba
yanzu shi ke wanke tukwane in ina aikin dare,
yana cewa kada ki gaya wa Inna.

Hajjo kuwa, 'yar shekara biyar,
ita ke gyara min harshe a kanti,
ta ce ba haka ake faɗa ba, Umma, turo leɓe.
Jiya ta yi magana cikin barci,
dogon zance, har da dariya,
ban tsinci ko kalma ɗaya ba.
Na tsaya a kanta da bargo a hannu
kamar baƙuwar da ta yi sallama ba a amsa ba.

Inna ta kira ran Juma'a, ta ce kun saba?
Na ce ina fa, mu da muke nan kamar jiya.
Muna cikin haka ɗan ƙanwarta, Ɗanjuma,
da ke karatu a Trondheim,
ya shigo layi ya ce zai zo mana gobe.
Sai na ji bakina ya ce,
tsaya in duba kalanda.

Inna ta yi shiru.
A waje, jirgin ruwa na shigowa tasha,
tsuntsayen teku na bin sa da kuka.
Na ce, Inna, kina jina?
Ta ce ina jin ki.
Ki duba, mu ji.