Goggo

A hannun wani manomi na saye ta, bayan Skipton,
fam dubu biyu da ɗari uku,
da alkawarin ba zan dawo masa da ita ba.
Shekara tara tana kwana a rumfar ciyawa.
Kaza ta yi ƙwai a kujerar direba,
warin tumaki ya kama ta har sitiyari.
Landuroba ce, ta girmi aurena.

Asabe ta leƙo ta tagar kicin:
"Tanimu, wannan mota ce ko jarrabawa?"
Na ce da tsohuwar zuma ake magani.
Ta ce, "To, zumarka na ɗigar baƙin mai a ƙofar gidana."

Ladidi ce ta raɗa mata Goggo,
wai sai ta yi tari kafin ta yi magana.

Da rana ina jan bas daga Keighley zuwa Bradford,
hanya ɗaya, tashoshin jiya, fuskokin shekaranjiya.
Da dare ina ƙarƙashin Goggo a kan kwali,
sanyin siminti na cin ƙashin bayana,
tsatsa na zubo mini kamar garin yaji.
Ladidi na riƙe da tocila
tana haska ko'ina ban da inda nake so.
Noti guda ya cinye mini Asabar uku.
Ranar da ya saki
sai da na ɗora shi a tafi na yi masa jinjina.

Babana bakanike ne a tashar Funtuwa.
Na ɗauka sanƙo kaɗai na gada,
sai ga hannuna yana zaɓo sifana
tun ido bai gama aunawa ba.

Maƙwabcina Ackroyd, tsohon mai walda,
wata guda yana kallo ta kan shinge, bai ce uffan ba.
Da ya ga ɗinkin da na yi wa ƙarfen ƙasa
haƙuri ya ƙare masa.
Ya tsallako da kayan aikinsa, yana mita,
bai tafi ba sai da aka ci tuwon dare da shi.

Tsohon kabad ya zama gado.
Na auna, na sake aunawa, na sa zarto,
ya gaza da yatsa uku.
Jarkar ruwa biyu, risho mai baki biyu,
durowar shayi da citta da kilishi,
tanti a kan rufi, tsani a baya.
Na bar fili daidai sallaya,
sai daga baya na tuna rufin bai kai tsayuwa ba.

A bangon gareji akwai taswira:
Faransa, Sifen, jirgin ruwa, Maroko,
sai yashi, har inda takarda ta ƙare.

Wata Juma'ar Mayu muka fita gwaji.
Ko mil talatin ba mu cika ba,
a hawan Malham lagireto ya tafasa.
Ruwa ya tsuge.
Muka raɓe jikin katangar duwatsu,
Asabe, da ta ce shaida kawai ta zo yi,
ta kunna risho ta ɗora buta.
Gilashi ya yi gumi.
Rufin na yoyo ta wuri ɗaya tak,
daidai goshina.

Da asuba hazo ya janye kaɗan,
ga tumaki sun kewaye ta suna shinshina taya
kamar masu zuwa barka da dawowa.
Ladidi ta ce, "Baba, saura mil nawa Maroko?"

Ban amsa ba, ina neman buta.
Asabe ta zare fensir daga bayan kunnena,
ta ja layi a jikin katako:
"Durowar nan ta yi ƙasa, tana buge mini gwiwa.
Ka ɗaga ta kafin Sifen."