Masinjan Sashen Harsuna

Gurbi uku aka tallata a jarida,
mutum arba'in da ɗaya suka zo.
Ni na jera musu benci tun da sassafe,
ni na ɗauko takardunsu daga ofishin rajistara,
nauyinsu ya kai rabin buhun gero.
Shekara ashirin da shida ina wannan baranda,
ban ga harshe ya tara jama'a haka ba
tun ranar da kwandastoci suka yi cacar baki a Ƙofar 'Yanɗaka.

Ina shiga da shayi, ina fita da kofuna,
tambayoyi na bin kunnena.
Farfesa Lawandi ya sauke tabarau:
"Mene ne ya raba gari da gari?"
Wani dogo daga Funtuwa ya yi ta zana kibiyoyi a allo,
wannan ta hau, wannan ta sauka, gumi na bin alli.
Na ce a raina, ɗana, ɗaya a cikinsa ake kwana,
ɗaya kuwa in babu shi ba a kwana.
Amma ba ni aka tambaya ba.

Na ji sun ce hanɗa, sun ce ganɗa,
sun ce wasali yana da tsawo kamar mutum.
Ashe duk abin nan cikin bakina yake,
ina yawo da shi ban san sunansa ba,
kamar mai haya da bai taɓa ganin mai gida ba.

Akwai wanda bai zauna a bencina ba.
Motarsa ta tsaya a inuwar darbejiya,
'yar takarda ta riga shi shiga, a ninke huɗu.
Wannan ma harshe ne,
sai dai ban ji an tambayi kowa nahawunsa ba.

Lamba talatin da takwas mace ce, Ramlatu 'yar Mai'aduwa,
jakarta ta ɓalle a hannu, ta kama da fil.
Da azahar ta wuce na ce mata,
"Haƙuri, shina tahe, layin ya kusa."
Sai ta ɗago kamar na kira sunanta.
"Baba, sake faɗi."
Na sake.
"A ina aka haife ka?" Na ce Batagarawa.
"Me kuke kiran farar da ake soyawa?"
Na ce hwara.
Ta buɗe wani littafi da ya sha hannu,
ta rubuta ni a ƙarƙashin wata tsohuwa mai daddawa.

Jikokina dariya suke min in na ce tahiya.
Sun ce Hausar ƙauye ce, ta rediyo ita ce daidai.
Na daɗe ina taune ta kafin in fitar,
kamar mai ɓoye goro a gaban suruki.
Yau ga mai digiri uku tana roƙon in ƙara mata.

Da ta shiga, na daɗe wajen zuba sukari.
Na ji ta ce, "Misalina yana nan, ga shi riƙe da buta."
Mutum biyar masu manyan riguna suka juyo,
karo na farko suka dubi bakina
ba hannuna ba.

An tashi bayan la'asar.
Sakamako, in ji sakatare, sai majalisa ta zauna,
majalisa kuwa sai kuɗi sun sauka daga sama.
Ban san wa za a ɗauka ba.
Na san dai wa zan so in buɗe wa ofis da safe.

Na wanke kofuna goma sha ɗaya, ɗaya ya tsage.
Na mayar da benci, na kashe fanka.
A hanyar gida, bisa kekena,
na yi ta faɗin hwara, hwara, da ƙarfi,
har wani mai shayi ya ɗaga kai
ya ce, "Baba, ta ƙare tun ɗazu."