Kunya a Ƙarƙashin Kwalta

A Kraków, inda tarago ke wucewa da ƙararrawa,
an fasa titi don bututun ruwa.
A zurfin gaba guda Bogumiła ta durƙusa,
tana share ƙasa kamar mai shafa wa jariri mai.

Ga sawun garma, baƙi cikin yumɓu,
shekara dubu da ɗoriya.
Nan sa ya karkace, in ji ta,
ƙila ƙuda ya cije shi.

Ƙwayar gero uku, ƙonannu, a tafinta.
Wani ya bar tukunya a wuta ya fita.
Wa ya kira shi?

A sama direban motar haƙa na duba agogo,
Litinin za a zuba kankare.
Ta hau tsani a hankali,
takalminta ya yi nauyi da gonar wani.