Baƙin Gwanja a Kakuri

Da la'asar sakaliya suka iso,
a jar mota da ta koɗe, tana huci,
an ɗaure murfin bayanta da igiyar shanya.
Saurayin ya leƙo: "Ina Malam Tanimu?"
Na ce, in bashi ne ya yi tafiya,
in ko sallama ce, ga ni ƙofar gidana.

Fuseini shi, ita kuma Azara,
wata huɗu da aure, daga Tamale.
Wani direban tanka, tsohon maƙwabci,
shi ya ce musu in dare ya yi a Kaduna
su nemi tsohon da ba ya korar baƙo,
ya rubuta sunana a kwalin ashana.

Ita ke riƙe da littafin kuɗi,
ɗan mitsitsi, mai bango shuɗi.
Sidi ta zama sefa a Lome,
sefa ta zama naira a Seme,
kowane canji sai ya ɗan gutsura, sai ka ce ɓera.
Ta karanto mini: mai, burodi, faci biyu,
na goron masu shinge sau goma sha tara.
Layin masauki kuwa fari fat.
Ta ce, "Baba, mutane ne otal ɗinmu,
tabarma a Kwatano, zauren liman a Jabba,
ba mu taɓa biyan kuɗin kwana."

Na buɗe musu ɗakin Ɗanjuma.
Shekara shida ke nan yana Fatakwal,
makullin ma sai da na ɗiga masa man ja.
Yanar gizo, tsohuwar kalanda, takalmi ƙafa ɗaya.
Ina shara ina kau da idona.

Hausarsu ta zango ce, mai daɗin kunne:
namiji ya zo, mace ma ya zo.
Jikata Lantana ta toshe baki da gyale
har dariyar ta ɓalle ta hanci.
Azara ba ta ji haushi ba. Ta karɓi murhu,
ta dafa wake da shinkafa da karan dafi,
ya yi ja kamar ƙasar Kakuri bayan ruwa,
da wani baƙin yaji, shito suke ce masa.
Tun rasuwar Asabe ban ƙara neman ƙari ba
sai a wannan rana.

Washegari na kai su bakin masaƙa,
inda na bar shekara ashirin da biyu.
Ciyawa ta kai taga. Ban yi dogon bayani ba.
A kan gada Fuseini ya tambayi kadoji,
na ce sun yi ritaya tare da mu,
sai dai garin ya riƙe musu suna.

A hanyar dawowa lagireto ya fashe.
Panteka, ciniki, rantsuwa, gumi.
Da dare na jiyo su ta katanga:
shi yana cewa a juya gida,
ita tana cewa ba ta ga duwatsun Jos ba tukuna.
Shiru. Ƙarar biro, an soke wani layi,
atamfar da ta ɗaga ta ajiye a kasuwa, ina jin.
Can sai dariya ƙasa-ƙasa.
Na ja bargo na juya, na bar su da magana.

Ran tafiya ya dunƙule wani abu zai cusa mini.
Na riƙe hannunsa na ce, yaro,
kakana da jakuna ya je Gwanja fataucin goro,
ya ci tuwon mutanenku damina biyu
bai bar musu komai ba sai godiya.
Tsohon bashi ne, kada ka hana ni biya.
Azara ta buɗe littafin ta yi rubutu,
na miƙa wuya, ta rufe, ba ta nuna.

Muka tura motar ni da yaran layi,
ta yi tari uku, ta kama, ta sha kwana.

Yau sati biyu. Ban mayar da makullin ba.
Lantana na cewa akuyarmu ya haihu,
ina gyara mata, tana ƙara faɗa da gangan.
Ga kuma tabon baƙin mai inda motar ta tsaya,
na hana a zuba masa ƙasa.
Gefensa nake shimfiɗa buzu in zauna.