Minti Tara

Fresia ta zana mini a bayan rasit ɗin burodi:
nan kakarta, nan teku, nan ni.
Kyamarar aro ce, batir ɗaya.

Kwana uku ina gadin rana a tudun Valparaíso.
Bakwai da kwata take leƙo matakala,
minti tara, bango ya haɗiye ta.
Tsohuwa ta ce hawa ɗaya gwiwarta za ta bayar,
in mun kuskure, mu nemi wata kaka.

Fresia fuska take so.
Ni hannun nan, yadda yake lalubar ƙarfen dafawa.
Muka yi musu har shayi ya huce.

Daga kicin tsohuwa ta ce:
"Ku ɗauki takalmana, su suka san hanya."

Na rage wa kyamara ƙafafu.