Mako Takwas a Bergen

Ta iso ranar Litinin ana tafka ruwa,
don a Bergen ruwan sama ba baƙo ba ne, shi ne mai gida.
Nayra Condori, daga El Alto ta Bolibiya,
ɗalibar likitanci a shekara ta huɗu,
da akwati ɗaya da laima mai karyayyen haƙarƙari.
Na ba ta farar riga, hannun ya haɗiye yatsunta,
ta naɗe shi sau uku.

Mako takwas aka yanka mana.
Ko ɗan kyanwa bai gama sanin lungunan gida ba.

Na ce, nan ba a rubutu da fensir.
Ta ce, in na yi kure fa, Malama Ragnhild?
Na ce, ja masa layi ɗaya, ki sa kwanan wata.
Kuskure ma yana da haƙƙin a gan shi.

Ta koyi ɗiga ruwan gwaji ɗis-ɗis,
numfashi a riƙe, gwiwar hannu kafe a tebur.
Ta koyi jira.
Ƙwayar tarin fuka ba ta san gaggawa ba,
ita da ke cin ƙirjin masu haƙar ma'adinai a ƙasarsu
a hankali, kamar gara a azara.

Da rana Eirik mai wanke kwalabe
ya miƙa mata burodi da cuku mai launin ƙasa.
Bakinta ya ce da daɗi,
idonta ya ƙaryata.

A mako na biyar na tarar da ita gaban firji,
jiki ya yi sanyi ƙalau.
Kwalba goma sha biyu, lambobinsu sun cakuɗe,
aikin wata guda ya bi ruwa.
Ta ce, ba wanda ya sani sai ni.
Na yi shiru.
Injin kusurwa yana ta gurnaninsa.
Can ta miƙa hannu ta ɗauki biro.

Sai da yamma, muna jiran mota a bakin kasuwar kifi,
na gaya mata nawa:
kwalba arba'in, ina da shekara ashirin da shida,
kuma ni ɓoyewa na yi, har kwana tara.
Ta yi dariya har laimarta ta kife.

Ranar ƙarshe, gaban manya, wani mai furfura ya jefo tambaya.
Ta dubi allon, ta dube shi,
ta ce, ban sani ba tukuna.
Wannan tukuna ɗin na yi wa tafi.

Cikin hunturu saƙonta ya zo:
an ɗauke wuta a asibitinsu, firji ya huce, yaya za ta yi?
Ga hoton shafin littafinta,
layi ɗaya, kwanan wata a gefe.

Rigar tana rataye a ƙusa ta uku.
Wani ɗalibi zai zo daga Nepal a watan Yuni,
an ce dogo ne.
Har yau ban warware hannun ba.